Ranar da Na Tuɓe Babbar Riga a Gonar Amos

Zulai da Abba, wannan babin naku ne, ku da 'ya'yanku in Hausarsu ta kai su karanta, in ba ta kai ba ku karanta musu. Kun san ƙarshen labarin, domin ɗayanku yana wurin, ɗayar kuma uwarku ta kira ta a waya tun kafin mu bar gonar. Amma ba ku san farkonsa ba, ni kuwa ba na son magana a hargitse. Zan ɗauko daga farko, in bi ta tsakiya, in sauke a ƙarshe.

Shekara talatin ina gaya muku kakanku mai motocin sufuri ne a Jibiya. Haka na gaya wa mutanen masallacinmu, haka na faɗa a taron ƙungiyar Hausawa ranar da aka ba ni muƙamin ma'ajin littattafai. Ba gaskiya ba ne. Mahaifina bai taɓa mallakar mota ba, ko tuƙa ta bai iya ba. Amalanke gare shi mai taya biyu, wanda ya sayo daga Maraɗi, da doki guda baƙi wanda muke kira Akawal. Da su yake kwasar buhunan gyaɗa da gero daga kasuwa zuwa tasha, da su ya ciyar da mu bakwai.

Aikinsa a jere yake, ba ya taɓa sauya jerin. Da farko doki ya sha ruwa, kafin shi ya sa wani abu a bakinsa. Na biyu ya shafa bayan dokin da tafin hannu tun daga wuya har gindin wutsiya, ko akwai ciwo. Na uku ya ɗaura ɗan sirdin da majayi, ya zura yatsu ƙarƙashi ya ji ko ya matse. Na huɗu lodi: buhu mafi nauyi a kan tayoyi daidai, sauran a raba gaba da baya. Kafin ya shigar da doki tsakanin sandunan nan biyu da ake ja da su, sai ya sa yatsu biyu ya ɗaga su. In sun taso, lodi ya yi. In ba su taso ba, sai a sauke komai a sake, ko da mai kaya yana ta ihu mota za ta tashi. Na biyar, a kowane gangare da kowane hawa sai ya sauka ya kama ragama ya taka da ƙafa kusa da kan dokin. Direbobin tasha suna yi masa dariya a kan wannan. Ya taɓa ce mini:

"Mamman, shi ba ya magana. In ka ɗora masa ba daidai ba, ba zai kai ƙararka ba sai a gaban Allah."

Ina aji huɗu a firamare abin ya lalace, kuma daga wajena ya lalace. A littafin Turancin da ake kawo mana daga Ingila akwai hoton wani babban keken doki mai taya huɗu, maƙare da ciyawa. Malam ya rubuta sunansa a allo, kalmar nan da muka ara muke cewa wagunu, ya sa muka kwafe ta da irin rubutun Ingila, ya ce mai taya huɗu kaɗai ake kira haka. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, na baban Mamman fa, mai taya biyu? Malam ya ce wannan bai kai ba. Daga ranar sunana ya koma Rabin Wagunu. Ba a yi wata guda ba aka yi wani ruwan sama mai ƙarfi a lokacin tashi. Mahaifina ya bar lodi ya zo ƙofar makaranta da amalanke, ya lulluɓe da buhu, yana jira ya ɗauke ni. Na hango shi ta taga. Na bi ta bayan aji na tsallake shinge na tafi gida a ƙafa. Ya dawo bayan la'asar a jiƙe sharkaf, ya same ni a zaure, ya dube ni, ya ce:

"Ka iso lafiya? To, madalla."

Bai ƙara kalma ba, ranar ko bayanta. Ya ci gaba da biya mini kuɗin littafi, ya ci gaba da tashina da asuba in taya shi lodi, domin ban da makaranta ni ne hannunsa na dama har na kai shekara goma sha bakwai. Daga nan na bi motar wani zuwa Kaduna na koyi tuƙi, na samu aikin direba a ofishin gwamnati, wani jami'i ya taho da ni ƙasar nan, shi ya koma ni na zauna. Mahaifina ya rasu ina da shekara biyu a nan. Na tuƙa bas ɗin 'yan makaranta shekara ashirin da shida, muna zaune a garin Greenbelt na jihar Maryland, ban taɓa makara ba sai sau ɗaya, ranar da aka haifi Abba. Na sa masa sunan mahaifina, shi ya sa muke kiransa Abba. Sunan na ba shi, labarin na hana shi. Uwarku Hajiya Rabi 'yar unguwarmu ce, ta san Akawal, ta sha hawa amalanken tana yarinya. Duk sa'ad da na yi maganar motocin sufuri a gaban baƙi sai ta tashi ta shiga kicin ta ce za ta duba tukunya.

Yanzu in zo kan gonar Amos. A kudancin Maryland akwai wasu Turawa manoma masu dogon gemu da hular kaba, waɗanda addininsu ya hana su mota. Da dawaki suke noma, da keken doki suke zuwa kasuwa. A wurin ɗayansu, wani dattijo mai suna Amos, muke sayen ragon Layya kowace shekara, mu da yawancin Hausawan yankin nan. Ya yi mana rumfa a ƙasan gonar inda muke yanka da kanmu. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai cika alkawari, bai taɓa ba mu rago mai aibi ba, kuma shi da kansa ya tambaya ya san ina ne gabas ya gyara mana wurin. Tun Abba yana ɗan shekara shida nake zuwa da shi. Sauran yara suna bin raguna, shi yana manne da shingen dawaki. Nakan ja hannunsa in ce wari ne da su. Ban taɓa yarda na matsa kusa da su ba, domin na san hannuna zai tona mini asiri.

Abba ya yi karatu, ya gama digirin kwamfuta, ya samu aiki a wani ofis a Virginia mai kati a wuya da wurin ajiye mota. Na rataye hotonsa na digiri a falo. Bayan shekara biyu, wata Lahadi muna cin tuwo, ya ajiye cokali ya yi magana da Hausarsa mai ɗingishi, wadda yake amfani da ita in yana so ya lallashe ni:

"Baba, na bar aiki."

Na ce ya samu wanda ya fi ne? Ya juya Turanci ya ce tun watanni yana zuwa wurin Amos kowace Asabar, yana koyon gyaran kekunan doki da ɗinkin kayan ɗaurinsu, yanzu dattijon ya yarda ya ɗauke shi gaba ɗaya. Ya ce a ofis yana jin kamar an rufe shi a akwati, a can kuwa yana sanin abin da hannunsa ya yi kafin rana ta faɗi. Zulai ta ce masa ya haukace. Uwarku kuwa ni take kallo. Na wanke hannuna na ce:

"Ban ƙetaro teku don ɗana ya kwashe kashin doki ba. Mu ba gidan haka ba ne."

"Alhaji," in ji uwarku.

"Hajiya, ban gama ba. In ya tafi, ya tafi da ƙafarsa. Albarkata ba ta bin amalanke."

Ya durƙusa ya ce in yi haƙuri, ya sake roƙo in sa masa albarka ko da ban yarda ba. Na tashi na shiga ɗaki. Da safe na tarar ya kwashe kayansa, ya bar makullin gida a kan tebur. Na sauke hoton daga bango na sa a bayan kabad.

Wata goma ban ji muryarsa ba. Yana kira, ba na ɗauka. Uwarku tana soya nama da dambu tana ba Zulai ta kai masa, suna yi a ɓoye, ni kuma ina yi kamar ban ga robobin suna raguwa ba. A masallaci in an tambaye ni sai in ce yana harkar gona. Abokina Alhaji Sani, mutumin Maraɗi ne mai aikin jarida, shi kaɗai yake tsokanata. Yakan ce, Alhaji Mamman, yaya injiniyan dawaki? Sai in ce masa ya ji da maganarsa ta rediyo. Sau ɗaya kawai uwarku ta yi mini magana sosai. Ina goge takalmi bayan sallar asuba ta tsaya a kaina ta ce:

"Alhaji, sau ɗaya ka bar mai wannan sunan a tsaye a cikin ruwa. Kana so ka maimaita ne?"

Ban san ta sani ba. Ashe ƙanwata ta gaya mata tun kafin aurenmu. Na ci gaba da goge takalmin da ya riga ya yi ƙyalli.

Da Layya ta matso na ce bana a wata gona zan sayi rago, can wajen Pennsylvania. Uwarku ta ce ita ba ta cin naman da ba ta san makiyayinsa ba, kuma ta riga ta sa Alhaji Sani ya kama mana namu a wurin Amos. Haka muka sauko daga Idi muka kama hanya a motarsa, ni a gaba cikin farar babbar riga ta shadda wadda aka aiko mini daga Kano, uwarku da matarsa a baya. Na shirya abin da zan yi: in sauka, in yanka, in ɗauki nama, in koma. In ya gaishe ni in amsa, ba ƙari.

Gonar ta cika. Ga mutanen Kumasi da kulolinsu, ga 'yan Nijar, ga namu na Springfield da Takoma Park, kowa da ado. Daga inda ake ajiye motoci zuwa rumfar yanka akwai gangare mai ɗan tsawo, shi ya sa ake saukar da ruwa da ƙanƙara a keken doki. Babban keken mai taya huɗu ya riga ya sauka da kaya, jama'a kuma suna ta kiran ruwa. Sai Amos ya ce wa Abba ya fito da ƙaramin, mai taya biyu, wanda ba su cika amfani da shi ba. A lokacin na gan shi. Ya yi baƙi, kafaɗunsa sun buɗe, yana sanye da wandon aiki da hular Sallar da uwarku ta aika masa. Ya hango ni, ya zo ya durƙusa.

"Baba, barka da Sallah."

"Barka kadai."

Ya jira. Ban ƙara ba. Ya tashi ya koma kan aikinsa, ni kuma na juya kamar ina kallon raguna, amma idona yana kansa.

Aikinsa mai tsabta ne, wannan na shaida. Ya shayar da goɗiyar, wata ja mai farin goshi, ya shafa bayanta, ya duba kofatonta ɗaya bayan ɗaya. Amos ya koya masa da kyau. Amma wata goma a kan mai taya huɗu ya koya, shi kuwa mai taya huɗu duk inda ka ajiye kaya tayoyi ne ke ɗauka. Sai ya jera jarkokin ruwa tun daga gaba, a matse, kamar yadda ya saba, ya sa buhunan ƙanƙara a bayansu. Goɗiyar tana tsakanin sanduna. Na ga bayanta ya lotsa, na ga ta ware ƙafafun baya, ta kwantar da kunnuwa. A fili ma nauyin yana kan gadon bayanta, ina ga an shiga gangare. Amos ya riga ya sauka can ƙasa wajen rumfa. A duk taron nan ba wanda ya ga komai. Abba ya taka ya hau ya kama linzami.

Na ce wa kaina ba ruwana. Na ce ɗan mai motoci bai san wannan ba. Goɗiyar ta ɗaga ƙafa ta nufi bakin gangare.

"Sauka!"

Ban san da irin wannan ƙarfin na yi ba sai da na ga kowa ya juyo. Abba ya diro. Na cire hula na miƙa wa Alhaji Sani, na tuɓe babbar rigar na ɗora masa a kafaɗa. Ya ce:

"Alhaji, lafiya? Dambe za a yi?"

Na kama ragama na yi wa goɗiyar irin ƙarar harshen da ban yi ba shekara arba'in da wani abu, ta tsaya cak. Na kwance ta na fito da ita, na sa Abba ya tokare sandunan da kututture. Na ce ya sauke komai. Ya ce, Baba, mutane suna jiran ruwa. Na ce su jira. Muka sauke. Na nuna masa tsakiyar tayoyi na ce manyan jarkoki nan, biyu da biyu. Ƙanana uku gaba. Ƙanƙara baya, tunda gangare za mu, nauyi zai zubo gaba da kansa. Na ɗaure da igiya irin ƙullin tasha. Ruwa ya jiƙa mini 'yar ciki, taɓo ya ɓata wandon shaddar har gwiwa. Da muka gama na ture kututturen, na sa yatsu biyu a ƙarƙashin sanda na ɗaga. Ta taso kamar ba komai a kai.

Amos ya hauro yana tsaye a bayana ban sani ba. Ya sa nasa yatsun ya gwada, ya daɗe yana kallon lodin, sa'an nan ya ce wa Abba da Turancinsa mai sanyi:

"Wannan ban koya maka ba, domin ni ma ban iya shi haka ba. Mahaifinka a cikin aikin nan aka haife shi."

Abba ya dube ni. Bai yi Turanci ba.

"Baba, a ina?"

Mutum fiye da ashirin suna tsaye, waɗanda na yi shekaru ina zama a gabansu a taro. Uwarku tana gefe ta rufe baki da mayafi. Na ce:

"A wurin mai sunanka. Ba shi da mota, bai taɓa yi ba. Amalanke gare shi irin wannan, da doki ɗaya. Ni ne yaron lodinsa. Duk abin da na gaya muku ƙarya ne."

Can sai Alhaji Sani, yana rungume da rigata, ya ce:

"Wallahi na daɗe ina zargi. Mutumin da in za mu filin jirgi sai ya sauke akwatunan mutane daga but ya sake jerawa sau uku!"

Aka yi dariya, har da ni kaɗan. Muka mai da goɗiyar tsakanin sanduna. Abba ya sa ƙafa zai hau, na riƙe hannunsa na ce a gangare ba a hawa. Na kama ragama ta hagu, shi ya tsaya ta dama, muka taka da ita a hankali. Tun daga sama har rumfa bayanta bai lotsa ba. A tsakiyar gangaren na ce masa aikinsa na shafa baya da duba kofato ya yi kyau. Ya ce na gode. Muka ƙara taku kamar goma. Sai na ce:

"Allah ya yi maka albarka, Abba. Kai da aikin."

Ya juya fuska wajen wuyan goɗiyar, ya daɗe a haka, muna tafiya.

Ba zan ce abin bai ci mini komai ba. Akwai waɗanda har yau in na shigo taro sai su ce ga Sarkin Amalanke. Akwai wani Alhaji da ya daina ba ni hannu biyu. Na ajiye muƙamina na ƙungiya da kaina, domin wanda aka kama da ƙaryar shekara talatin bai kamata ya riƙe littafin jama'a ba. Zulai, ke ma kin yi wata biyu kina gaishe ni a taƙaice, kuma kina da gaskiya: kin taɓa rubuta labarin motocin kakanki a makaranta, har aka ba ki kyauta. Waɗannan duka na ɗauka. Wanda ba ya gyaruwa shi ne na ranar ruwan sama, domin mai haƙƙin ya tafi ban ce masa komai ba.

Yanzu da na yi ritaya, kowace Asabar nakan bi Abba gona. Amos yana zaune a kan benci yana ɗinkin fata, ni ina nuna wa yaron ƙulli, mu biyu tsofaffi ba ma yin kalma goma a wuni kuma muna fahimtar juna. In lokacin salla ya yi shi ne ke duba rana ya ce mana lokacinku ya yi. Hoton digiri na mai da shi bango. Kusa da shi akwai wanda matar Alhaji Sani ta ɗauka da waya ranar, ni da 'yar ciki da wando duk taɓo, yatsu biyu a ƙarƙashin sanda.

Ban taɓa kiran sunan mahaifina da bakina ba, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, amma dole a rubuta shi a wani wuri daidai, kuma in ban rubuta ba babu mai rubutawa. Sunansa Idi mai amalanke, na bakin tashar Jibiya. Taya biyu, doki ɗaya, 'ya'ya bakwai. Akawal ya yi masa aiki shekara goma sha tara, ya mutu da tsufa a turkensa, babu tabo ko ɗaya a bayansa.